Yadda na daina cizon kilarinet

Ranar da na fara kai kilarinet ɗina, dogon abin busan nan mai maɓallai na 'yan badujala, wurin Baba Saje, so nake ya tabbatar mini an cuce ni. Ta hannu ce, na saye ta wurin wani mai kawo kayan kiɗa daga Legas, kuma shekara biyu ina busa ta ba ta taɓa ba ni murya mai daɗi ba. Sautin siriri ne, a shaƙe, kamar na mai mura. In na hau sama sai ta yi tsuwa. Matata, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta raɗa mata suna Agwagwa, har yaran gidanmu suka ɗauka. Da sun ga na ɗauko akwatin sai ka ji ana cewa Baba zai fito da Agwagwa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Kaduna. Badujalar makaranta ta faɗo hannuna ne don babu mai so, ganguna da bigila da wasu ƙahoni da suka sha duniya. A nan sha'awar busa ta kama ni, na koya wa kaina ta YouTube, ina kallon yatsun mutane ina kwaikwayo. Yatsun kam sun ɗan iya. Na san inda kowace murya take, ina bin taken ƙasa daga farko har ƙarshe ba kuskure. Abin da ya gagara shi ne a saurare ni ba a yamutsa fuska ba.

Baba Saje ya yi sama da shekara talatin a badujalar 'yan sanda kafin ya yi ritaya. Wani abokin aikina ne ya haɗa mu. Na same shi ranar Asabar da hantsi a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, na durƙusa muka gaisa, na miƙa masa akwatin tare da dogon bayani kan yadda 'yan kasuwa ba su da amana. Bai ce mini uffan ba. Ya ɗauki gaɓar sama kaɗai, ya rufe ramukanta da yatsun hagu, ya toshe ƙasan da tafin dama, ya sa baki ya tsotsa kamar mai shan ɓargo. Ya saurara. Ya sake. Sai ya ce, "Tana yoyo." Ya yanko siririn zare na takardar sigari, yana sa shi ƙarƙashin kowane maɓalli yana ja a hankali. Inda fatar maɓallin ta zauna daram, takardar takan cije. A wani ƙaramin maɓalli na gefe, can kusa da sama, sai ta zare salin-alin. Fatar ta tsage, iska na gudu ta nan. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara cike da tarkace, ya ɗumama ƙarfen da wutar ashana, ya cire tsohuwar fatar ya manna sabuwa.

Na ji daɗi ƙwarai, don gaskiyata ta fito. Na haɗa ta na busa. Ta ɗan saki, ba ta yi mini gardama kamar da ba, amma Agwagwa tana nan yadda na san ta.

Ya karɓa, ya wanke kan busar da ruwan buta, ya cire rid ɗina ya duba bayansa. Rid shi ne ɗan ɓallin karan nan da ake ɗaurawa a kan busa, wanda kaɗawarsa ce ke haifar da sautin gaba ɗaya. Ya ga lamba 3½, ya girgiza kai, ya ɗaura nasa mai lamba 2½. Ya busa murya ɗaya tak, ta can ƙasa, ya riƙe ta. Wallahi har cikin ƙirjina na ji ta. Mai kauri, mai sanyi, kamar an buɗe bakin rijiya. Kilarinet ɗina ce, wadda na gama zagi yanzun nan.

Na ce, "To Baba, ai rid ɗin ne."

Ya ce, "Malam, matso." Ya juya kan busar ya nuna mini samansa. Ramuka biyu ne a jere, sawun haƙorana na gaba, sun nutse cikin baƙar robar. Ya ce in ja leɓena na ƙasa ya gani. Akwai wani layi a ciki da ya daɗe yana yi mini zafi in na ci yaji, na ɗauka haka kowane mai busa yake fama. Ya ce, "Kai busa kake yi ko shan rake?"

Abin da ya bayyana mini a ranar, da wanda na ƙara fahimta daga baya, shi ne wannan. Tsakanin bakin rid da bakin kan busa akwai 'yar tazara da ba ta fi milimita ɗaya da ɗan kai ba. A cikin wannan 'yar kafar rid yake kaɗawa, yana buɗewa yana rufewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. In ka danna shi da muƙamuƙi, ka rage masa filin rawa, sautin ya tsuke. Ni kuwa da na ga rid mai laushi yana toshewa a bakina, sai na ɗauka na wuce ajinsa, na sayi mai tauri. Mai tauri ba ya motsi sai da iska mai ƙarfi, ni kuma ba ni da ita, sai na ƙara cizo don in rage kafar. Da na saba da wannan, na sake hawa lamba. Ina ganin ci gaba nake yi, har ina faɗa wa ɗalibai cewa gwanaye ne ke busa lamba uku da rabi. Allah ya yafe mini wannan karatun da na ba su. Lambar taurin kara kawai take nunawa, kuma ko ita ba ɗaya take ba a kowane kamfani: 2½ na Vandoren ya fi 2½ na Rico tauri.

Aikin farko da ya ba ni ya ɓata mini rai. Ya raba kilarinet ɗin, ya mayar da gaɓoɓin cikin akwati, ya bar mini kan busa da ɗan guntun wuyan da ke bin sa, wanda suke kira baral. Ya ce mako biyu wannan kaɗai zan busa, minti goma da safe, goma da yamma. In bakina da iskata sun daidaita, waɗannan biyun za su ba da F shaf, muryar da ke tsakanin F da G, kuma ya sa na sauke manhajar auna sauti a waya don kada mu yi musu. Na busa yadda na saba, allurar ta haye sama tana neman G. Ya ce in saki muƙamuƙi. Na saki, sautin ya faɗo ƙasa da F, ya baje kamar kunun da ya tsinke. Wato cizon nan shi ne sandar da nake dogarawa, an ƙwace ta na zube.

Abin da ya kamata ya riƙe sautin ashe yana cikin baki, inda ba a gani a bidiyo. Harshena a kwance yake kamar mai cewa "oo". Baba ya ce in ce "ii", in ji yadda gefen harshe ke taɓa turamen haƙora na sama, in bar shi a nan in hura. Ya ce iska iri biyu ce: akwai wadda kake huci da ita a kan gilashin tabarau za ka goge, akwai wadda kake hura koko mai zafi da ita. Ta farko ɗumi gare ta, a hankali take fita. Ta biyu sanyi gare ta, siririya ce, da gudu take tafiya. Kilarinet ta biyun take so, ko da a hankali kake busa. Sai a kwana na biyar allurar ta tsaya a F shaf, ta yi daƙiƙa uku ta gudu. Na yi ta bin ta kamar mai kamun fara.

Sai maganar kumatu. A Zariya na tashi, kuma duk wanda ya ga hawan sallah ya san yadda mai algaita yake: kumatu kamar an cusa lemo biyu, yana busa ba ya tsayawa. Ban taɓa lura ba ashe hoton da ke kaina ke nan na mai busa, sai da Baba ya ɗora mini madubin aski a kan kujera. Shi mai algaita yana da dalilinsa. Karan algaita gaba ɗaya cikin baki yake shiga, leɓɓa na jingine da faifan, kumatun kuma rumbun iska ne, da su yake turawa yayin da yake shaƙa ta hanci. A kilarinet leɓen ƙasa ne ke tallafe da rid, in kumatu suka kumbura sai kusurwoyin baki su saki, muƙamuƙi ya karɓi aikin. Don haka kusurwoyi a tsuke su ciki kamar bakin jakar zuge, haɓa kuma a miƙe ta ƙasa ta yi sumul. Tawa haɓar a dunƙule take, ta yi gurun-gurun kamar bayan gwanda. Na fi wata guda ina faɗa da ita a gaban madubi.

Ya kuma gano ina tsoron kan busar, ɗan bakinsa kawai nake kamawa. Ya zura takarda tsakanin rid da kan har inda ta tsaya da kanta, ya ja layi da fensir a kan rid ɗin, ya ce nan leɓena zai zauna. Ya fi inda na saba da kusan rabin santimita. Da farko sai tsuwa, don ban saba da rid yana da wannan 'yanci ba.

Maganin cizon da ya fi ci, shi ne wanda na fi tsana. Ya ce in naɗe leɓen sama a kan haƙoran sama, kamar yadda na ƙasa yake, in busa haka. Akwai gwanayen da haka suke busa duk rayuwarsu, amma ni horo ne. In ka ciza, naman bakinka ka ciza, nan take za ka sani. Minti biyu na farko hawaye ya taru mini. Sai dai a cikin minti biyun nan na fara jin wani abu mai kama da muryar da Baba ya fitar a gindin darbejiya, kuma daga bakina take fitowa. Kullum nakan fara da minti biyar haka, sannan in mayar da haƙora bisa kan busar ina ƙoƙarin riƙe sakin da na ji.

Da aka dawo mini da sauran kilarinet ɗin na ɗauka za a shiga waƙoƙi. Ina! Dogayen muryoyi aka shiga. A saita agogon bugu a waya kan bugu 60 a minti, a kama E ta ƙasa, wadda ita ce ƙarshen zurfin kilarinet, a riƙe ta bugu goma sha biyu: a faro a hankali, a cika, a sauko har ta ɓace. A huta bugu huɗu, a hau F. Haka har G ta tsakiya. Numfashina a kafaɗa yake, ina shaƙa suna ɗagawa. Baba ya dunƙule hannu ya dafa mini ciki ya ce in ture shi da iska, kuma in ci gaba da ture shi har muryar ta ƙare. Tsoho ne amma hannunsa kamar taɓarya. A nan na gane cewa busa a hankali ta fi busa da ƙarfi cin iska mai nauyi, kuma a nan allurar ta nuna mini halin kilarinet: in ka cika ta takan sauka ƙasa, in ka rage takan hau. Da, in zan rage sauti, matse rid nake yi. Yanzu dole in bar kafar a buɗe in rage yawan iskar ba tare da na rage gudunta ba. Faɗar ta fi yin sauƙi.

Ba zan ɓoye ba, watannin nan biyu sun gundure ni. Bayan la'asar nakan tafi bayan ajujuwa in zauna ina "tuuu" kamar jirgin ƙasa ya maƙale, masu gadi na kallona. Sau biyu na yi satar busa waƙa, na ji tsohon bakin ya dawo tun kafin baiti na biyu. Abin da ya riƙe ni shi ne faifan da nake ɗauka a waya kowace Juma'a, murya biyar iri ɗaya, a wuri ɗaya. Daga mako zuwa mako ba ka jin bambanci. Na farko da na takwas kuwa kamar mutum biyu.

Hawa sama shi ne inda na fi jin tsoro, kuma a nan Baba ya yi mini wata dabara. Ya ce in rufe ido in busa A ta ƙasa, mai kyau, in manta da komai. Ina cikin busa ya miƙo hannu ya danna maɓallin baya, na babban yatsa, ba tare da na san lokacin ba. Sai ga E ta sama ta fito tas, ba tsuwa, ba wahala. Ya ce, "Ka gani? Da kai ne za ka danna, da tuni ka ciza kana jiran faɗa." Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da na ga murya ta sama a takarda, tun kafin in kai gare ta wuyana ya ɗaure.

Wannan maɓalli shi ne asalin kilarinet. Wajen shekarar 1700 a birnin Nuremberg na Jamus, ana danganta wa wani maƙerin kayan busa, Johann Christoph Denner, gyaran wata tsohuwar sarewa mai rid da ba ta iya hawa sama, har ta zama abin da muke busawa. A sarewar Turawa ko saksofon, in ka haye sama da yatsu iri ɗaya, murya ta takwas kake samu, do ta koma do. Kilarinet kuwa, da yake bututunta miƙaƙƙe ne kuma a toshe yake ta wajen baki, tsalle take yi zuwa ta goma sha biyu: E ta zama B, F ta zama C, G ta zama D. A matsayina na malamin lissafi wannan ya burge ni, don ninki uku ne na kaɗawar sautin maimakon ninki biyu. A matsayina na mai busa kuwa, shi ne tushen wahalata. Tsallen ya bar giɓi a tsakiya, aka cike shi da wasu 'yan maɓallai na sama, G shaf da A da B filat, waɗanda kusan ba yatsa a kan bututun, muryarsu kuma fayau take. Daga B filat zuwa B, rabin taki kacal, sai ka tashi daga yatsa biyu ka rufe komai lokaci guda. Ko tsarin maɓallan da Klosé da Buffet suka fitar a Paris wajen 1840, wanda shi muke riƙe da shi yau, bai kawar da wannan rami ba. Nan Agwagwa ta fi kuka.

Madubi ya sake tona ni. Yatsuna tashi suke yi sama kamar ana kama ni da laifi, kafin su dawo an makara, kuma ɗan yatsan kusa da ƙarami na dama ba ya rufe raminsa duka. Baba ya ce in danna sosai in ɗaga in duba: kowane yatsa ya fito da cikakken zobe a tsokarsa, ban da shi, nasa rabin wata ne. Kafar da ba ta kai ƙwayar gero ba ta isa ta jawo tsuwa. Ya koya mini in ajiye yatsun dama a rufe tun ina kan G ko A in zan haye, ta yadda hannu ɗaya ne kawai zai yi tafiya. Wani abin daɗi, ajiye su ɗin yana ƙara wa waɗancan muryoyin fayau ɗan kauri. A, B, A, B, a bugu 60, sau hamsin a zaune. Ya kuma sa na ɗaura igiyar wuya, don nauyin duk a babban yatsan dama yake, shi ke sa sauran su sandare.

Harshe bai ba ni wuya sosai ba da zarar ya zauna a "ii". Da "ta" nake fara murya, da tsakiyar harshe, kamar mai mari. Aka mayar da ni "di", tsinin harshe a tsinin rid, iska kuma ba ta tsayawa, harshen ne kawai ke taɓawa ya saki.

Muna cikin haka hunturu ya shigo, komai ya rikice. Rid ɗin da ya yi daɗi jiya, yau ya bushe ya kanannaɗe a baki kamar soyayyen ganye. Na fara zargin kaina, Baba ya ce wannan karon ba ni ba ne. Kara ne, tsiro ne, mafi shahararsa daga yankin Var na kudancin Faransa ake nomansa, bai san buji ba. In ya jiƙe ya bushe da sauri sai bayansa ya gantsare, ya daina kwanciya daidai a kan busa. Ya nuna mini yadda ake ɗora shi a kan gilashi a taɓa gefe da gefe, in yana lilo a goga bayan a hankali a kan takarda mai laushi. Na daina jiƙawa da yawu kaɗai, nakan tsoma shi a ruwa minti biyu. Na daina kashe guda ɗaya har ya mutu, na sa wa huɗu lamba ina juya su. Bayan busa in goge su in sa a leda mai zif da ɗan guntun soso mai laima. Na manta ban cire soson ba da damina ta faɗi, na buɗe wata rana na tarar duk sun yi furfura, huɗu rigis, a lokacin da kwalin goma sai an yi saƙo daga Legas. A hunturun ne kuma na daina jin kunyar cewa tawa ta roba ce. Masu tsadar da baƙin itacen nan na Tanzaniya da Mozambik ake yin su, kuma Baba ya ce ya ga irinsu sun tsage a hannun mutane saboda bushewar iska.

Ranar 27 ga Mayu muka fita faretin yara. Wata takwas ke nan da fara zuwa gindin darbejiya. Na tsaya gefen 'yan badujalata ina ja musu waƙa, kuma zagaye na farko na ji daɗin kaina, sautin ya cika, yana ratsa ganguna ba tare da na yi ihu da shi ba. Aka jinkirta, manyan baƙi ba su iso ba, muka yi awa biyu a rana. Zagaye na uku leɓɓana sun mutu, ganguna sun yi sauri, na ji haƙora sun nutse. Na san abin da nake yi, na kasa bari. Da dare miyar kuka ta tuna mini da tsohon layin nan.

Asabar na je ban ce komai ba. Tun watan farko Baba ya manna mini ɗan facin roba a saman kan busa, na ɗauka don haƙora su ji daɗi ne. Ashe rajista ce. Ya karɓa, ya karkata shi wajen haske, ya shafa da babban yatsa. Ya ce, "Malam, an sha rake a fareti." Ya ɓare facin, ya manna sabo, ya mayar da gaɓoɓin cikin akwati ya rufe, ya miƙo mini kan busa da baral. Kwana uku ya ce.

Facin da ke kai yanzu ya shiga wata na huɗu bai huje ba. Mun fara taɓa muryoyin da ke sama da C ta sama, inda ake ɗaga manunin hagu, kuma D tana fita sau uku cikin biyar. Sauran biyun, yaran gida na tsakar gida suna jira, da sun ji sai su amsa mata da "kwak".